A daina yanke wayar sensa a manyan injunan aikin titi

Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana kanikawa da masu rewaya da kuma 'yan kwangilar da ke sayo gireda da katafila na hannu daga waje, domin akwai wata ɗabi'a da ta fara yawa a garejojinmu wadda wallahi tana ba ni tsoro, wato da zarar inji ya kunna fitilar gargaɗi sai a nemo wayar sensa, wato 'yar na'urar da ke auna motsin inji ta kai wa kwamfutarsa labari, a yanke ko a haɗe ta kai tsaye a ce wai an gyara.

Mutane da yawa ba su san cewa giredar yanzu ba irin ta da ba ce. A da sitiyari ne a gabanka da jerin libobi kusan goma, kana juyawa man hayidirolik na bin bututu ya tura tayoyi, in ya lalace bakanike zai ga inda mai ke zuba da idonsa. Amma tun da kamfanin Caterpillar ya fito da giredojin da ake kira M, irin su 140M, wajajen 2007, sai suka cire sitiyarin gaba ɗaya suka sa sanda biyu, ɗaya a hannun hagu ɗaya a dama. Ta hagun ita ke tuƙi, ka karkata ta hagu tayoyin gaba su yi hagu, ka murɗa ta kuma jikin giredar ya lanƙwashe a tsakiya. To kuma babu wani ƙarfe ko bututun mai da ya haɗa hannun ofareta da taya, waya ce kawai.

Ga yadda abin yake tafiya. A cikin sandar akwai sensa da ke auna iya inda ka karkatar da ita, kuma ba guda ɗaya ba ce, da gangan aka sa fiye da ɗaya domin in ɗaya ta yi ƙarya sauran su ƙaryata ta. Saƙon ya tafi wajen kwamfutar injin, wadda mu a gareji muke kira burenbos, ita kuma ta ba wa solonoyid wuta ya buɗe wa mai hanya zuwa silindar tuƙi. A jikin silindar ma akwai wata sensa da ke dawo da labari cewa taya ta juya kaza, sai kwamfuta ta gwada abin da hannu ya nema da abin da taya ta yi, in ba su yi daidai ba ta gyara nan take. Tana kuma duba gudun injin, shi ya sa in kana tafe da sauri a kan kwalta sandar ba ta saurin amsawa kamar lokacin da kake baje ƙasa a hankali, don kada ɗan motsin hannu ya jefa ka rami. Sannan akwai famfon ko-ta-kwana mai amfani da batir wanda ke tashi da kansa in ƙarfin mai ya faɗi, don ofareta ya samu ya gangara gefe ya tsaya.

To ka gani Edita, wanda ya yanke wayar sensar silinda ya makantar da kwamfutar ne, kamar ka ɗaure wa direba ido ka ce ya shiga kasuwa. Injin da ya kai tan 15 zuwa 20, ga lebura a ƙasa, ga yara masu talla suna kewaya wajen aiki, ga 'yan acaɓa suna kutsawa ta gefe, wa zai ɗauki alhakin in tuƙi ya ƙwace?

Abin haushin shi ne sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau. Ƙurar hunturu ce ta shige soket, ko an wanke injin da ruwa mai ƙarfi ya shiga mahaɗar wayoyi, ko ɓera ya ci waya lokacin da injin ya yi damina a ajiye ana jiran a biya kuɗin kwangila, ko batir ya yi sanyi tunda waɗannan injuna bolt 24 suke so. Wani kuma mai walda ne zai zo ya ɗana wuta a jikin inji bai cire kan batir ba, ya ƙona burenbos na miliyoyin naira saboda aikin dubu biyar. Kuma injin da kansa yana faɗin ciwonsa, yana nuna lamba a allo, in aka jona laftof mai manhajar Cat ET za a ga wace sensa ce ke kuka da kuma ko waya ce ta tsinke ko ta taɓa jiki. Gargaɗin ma mataki uku ne, in ya kai na 3 ana nufin ka tsaya yanzu-yanzu, ba wai ka ƙarasa aikin yau ba tukuna.

Ni ban ga laifin yaranmu sosai ba, abin da ogansu ya koya musu kenan, shi ma a kan tsohon inji ya koya. Ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ga basira, mutum zai kwance injin dizal ya mayar ba tare da littafi ba, amma ka ba shi mita ka ce ya auna siginar sensa sai ya tsaya kallonka. Shi ya sa nake roƙon hukumar ITF mai horar da ma'aikata sana'o'i da kwalejojin fasaha irin Kaduna Polytechnic su buɗe gajeren kwas da Hausa, na yamma ko na ƙarshen mako, a kan wutar manyan injuna da karanta zanen waya, a kuɗin da ɗan gareji zai iya biya. 'Yan kwangila kuma in za ku sayo inji ku haɗo da littafinsa da na'urar jona laftof, kuma ku daina matsa wa bakanike cewa lallai sai inji ya tashi yau ko ta halin ƙaƙa, matsin nan ne ke sa a ɗauko filaya a datse waya.

Naku mai karatu kullum,
Wani mai rewayar manyan injuna, Kaduna.