'Yan matan cikin kwalin sigari

Ƙawalliya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya Mama da ƙafar tata? Na san kin cika kin batse, wata uku shiru. A yafe ni, sanyin unguwar Bronx ta New York ne ya daskarar mini da hannu.

Ran Asabar na shiga kasuwar tsofaffin kaya neman tukunya, na dawo da katin sigari guda huɗu, tukunya kuwa ko oho. Kada ki fara salati, ban soma busawa ba!

Kowanne kusan girman katin waya ne. Budurwa ce a jiki, kumatu jajur, ido a lumshe, ga fure kusa da fuska. Na kamfanin Duke ne, na 1892, jeri guda kati 50. Asali kwalin sigarin ne ba shi da ƙwari, ake cusa kati don kada karan ya karye, daga baya aka ce ai gara a zana mata, maza su yi ta saye har su haɗa jerin.

A al'adar Turawan lokacin kowane fure da saƙonsa. Jan wardi soyayya, farin lili tsarki, bayolet kuwa kunya da kawaici. Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Ana yabon yarinya da kunya, amma hotonta yana aljihun ƙato, yana warin taba, ana musayarsa kamar goro. Ita kuwa da za ta kunna kara ɗaya a titi, ta shiga uku. A 1908 har doka aka kafa a New York kan shan sigarin mata a bainar jama'a, magajin gari ya soke ta bayan mako biyu. Shi kansa tsoho Washington Duke, wanda ya kafa kamfanin, a 1894 ya rubuta wa ɗansa ƙorafi kan hotunan mata na rashin kunya da ake sakawa a kwalin sigari, bayan wani fasto ya kai masa kuka.

Ke dai na duba, babu furen masu surutu, balle in aiko miki naki.

Af, da gaske ne auta ta fasa auren? Yaya Babba ta tsegunta mini rabi, kati ya ƙare. Ki ba ni labarin tun daga tushe. Kuma yajin da kika aiko ya kusa ƙarewa, maƙwabciyata 'yar Kumasi ta gano inda nake ɓoye shi.

Ki gaida yara, ki ja kunnen mai sunan Baba.

Taki har kullum,
Uwar 'yan biyu