Wasiƙa daga Tawa: mai mota ya san cikin motarshi kafin ya nemi gudu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni wuri kaɗan in yi magana da 'yan uwana masu mota, musamman samarinmu na nan Tawa da Allah ya hore ma abin hawa kwanan nan.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya zuba miliyoyin sefa ya sayi mota amma ko kapo bai taɓa ɗagawa da hannunshi ba, sai ranar da hayaƙi ya tashi tsakanin Tsarnawa da Ƙonni. Kuma yanzu ba lokacin sakaci ba ne, tun da anka rufe iyakar Gaya da Benin a 2023 kaya sun koma zagayowa ta Lome su ratso Burkina, kowa ya ga yadda kuɗin piyes ya tashi, abin da kulawar minti goma da safe za ta tsare ma shi ne za ka je ka biya da jikkuna masu yawa.

Akwai abubuwan da wallahi ba su buƙatar makaniki. Ka zaro sandar mai da safe mota na tsaye wuri daidai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka ga ko man na tsakanin alamun nan biyu. Ka duba ruwan radiyata amma sai inji ya huce, kar ka kuskura ka buɗe murfin da zafi, ruwan na iya watso ma a fuska. Kuma a daina ɗura ruwan pampo ko na rijiya kullum, shi ke kawo tsatsa da farar ƙasar nan da ke toshe radiyata, ruwan kwalba mai launi da ake saidawa don wannan aikin anka yi shi. Filtar iska ma, da ƙurar hunturu irin tamu ba za ka jira lissahin da Turawa sunka rubuta don ƙasarsu ba, buɗe ka duba, in ka ɗaga ta wajen rana haske bai ratsa ba to ta gama aiki. Taya kuwa akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2318 to an yi ta mako na 23 cikin 2018. Tayar da ta tsufa haka ko zanenta na da kyau kar ka yarda da ita bisa kwalta cikin zafin Afrilu da Mayu.

Amma fa ba kowane aiki ne na hannunka ba. Birki, kuruwar distribisiyon (bel ɗin da ke daidaita tafiyar sassan cikin inji), wayoyin lantarki da kwamfutar mota, a bar ma gwanaye. Na ga yaro a unguwarmu ya kalli bidiyo a YouTube ya ɗaga mota da kirik kaɗai bisa rairayi ya shige ƙarƙashi, ko katako bai sa ba, sai da gabana ya faɗi na tsaya kanshi har ya fito. Rairayi na zamewa, mota ba ta ba ka lokacin guduwa.

Su ma makanikan namu ina da magana da su, da girmamawa don suna ƙoƙari. Da mota ta fara zafi sai a cire kalosta (ɗan abin da ke buɗe ma ruwa hanya zuwa radiyata in inji ya yi zafi) a jefar, a haɗa fanka dirak ta riƙa juyawa ba tsayawa, a ce maka ai nan ƙasar zafi ce. Sau da yawa matsalar radiyata ce ta toshe ko pampon ruwa ya gaji, cire kalosta ɓoye ciwon kawai yake, sannan da sanyin Disamba inji ba ya kai zafin da ya kamata, ya riƙa shan esansi a banza. In anka ce ma za a cire abu, tambayi dalili, kuma ka ce a ba ka tsohon piyes ɗin da anka canza.

To batun gudu da jin daɗi, nan ne nake ganin samari na asarar kuɗi. A sayo janti manya da taya siririya, a nemi babban inji V6 mai silinda shida, wai mota ta tashi kamar iska. Ina za ka yi gudun? Daga nan zuwa Yamai kilomita sama da 500 ne, kowane ƙauye da dodan ɗinshi (tudun rage gudu bisa hanya), ga amalanke ga dabbobi na tsallaka hanya, wanda ya bi ta Abalak zuwa Agadas kuwa ba sai an ba shi labari ba. Taya siririya rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa janti, kuma duk girgizar a bayanka da na iyalinka take ƙarewa. Ni dai in kuɗi ɗaya ne, gara in sa su ga amortisa masu kyau (masu shanye girgizar hanya), taya mai kauri, da kilim mai aiki. E, ƙaramin inji na rage ƙarfi in ka kunna kilim, amma mai ɗauke da tsohuwa ko jariri cikin zafin da ke kai digiri 45 bai damu da wannan ba. Shi ya sa ma mutane ke riƙe da Corolla da Hilux, piyes ɗinsu na samuwa ko a ƙaramin gari kuma kowane gareji ya san su.

Malam Edita, roƙona shi ne ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, ku riƙa kiran tsofaffin makanikai da direbobin doguwar hanya suna amsa tambayoyin masu karatu da Hausa.

Naku mai karatu,
daga Tawa.