Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Intanet A Karkara

Mai girma Gwamna, Dakta Ahmad Aliyu Sakkwato,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa tare da fatan Allah ya dafa maka a kan nauyin da ya ɗora maka.

Ni ɗan jiharka ne mai ƙaramar sana'ar rarraba intanet a ƙauyuka. Ba kuɗi na zo roƙo ba, ba kuma kwangila nake nema ba. Abin da ni da 'yan uwana masu wannan sana'a muka fi buƙata yana hannun gwamnati tun tuni, an gina shi, an biya kuɗinsa. Wuri ne mai tsayi da za mu ɗora na'ura, sai kuma takarda guda ɗaya wadda duk jami'in da ya gan ta zai ƙyale mu mu yi aikinmu.

Bari in fara da yadda aikin yake, domin da yawa daga cikin jami'an da muke haɗuwa da su suna ɗaukar mu tamkar manyan kamfanonin waya, kuma daga nan matsalar take farawa. Mu ba ma sayar da layi, ba a kira da sabis ɗinmu. Muna sarin intanet ne daga inda wayar faiba, wato babbar wayar da ke ɗauko intanet, ta kawo, galibi cikin birnin Sakkwato, sai mu tura shi ta iska da ƙananan na'urorin rediyo masu kamar faranti, irin na Ubiquiti da MikroTik, a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4 da 5.8 wanda aka bar wa jama'a. Sharaɗin na'urar ɗaya ne, dole farantin nan ya hangi wancan, kamar mutum biyu da ke haska wa juna tocila da dare. Idan kuka ko giginya ko jerin dogon yaro ya shiga tsakani, sabis ya raunana ko ya yanke. Idan kuwa hanya ta buɗe, faranti biyu na iya magana da juna daga nisan kilomita 15 ko 20, wani lokaci fiye. Daga inda ya sauka sai mu watsa shi ga kasuwa da gidaje da makaranta, mutum ya sayi katin yini ko na mako ya shiga. Allah ya yi mana baiwa a nan, mafi yawan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga rana wadatacciya. Yawancin waɗannan faranta ba su cin wutar da ta wuce wat 10, don haka sola da batir sun ishe su.

To me ya sa ƙauyuka da yawa har yanzu sai mutum ya hau tudu, ko ya fita bayan gari yana ɗaga waya sama, kafin saƙo ya tafi? Babban kamfani lissafi yake yi. Kafa ƙarfen sabis guda da janareta da man dizal da mai gadi kuɗi ne masu yawa, idan ya ƙidaya mutanen ƙauye ya ga ba za su mayar masa da kuɗinsa ba, ba zai zo ba. Ban ga laifinsa ba, kasuwanci yake yi. Amma ƙauyen da ya yi wa babban kamfani kaɗan, ni ya ishe ni in ci abinci, in biya yara biyu ko uku albashi. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin saurin megabit 10 a karkara, da data gigabait ɗaya a kan naira 390. A ƙauyukan da nake shiga ba mu ga wannan ba, sai ma ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su yi a Janairun 2025.

Kuma intanet ya daina zama abin ƙawa ga mutumin ƙauye, gwamnati da kanta ce ta mayar da shi dole. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ya gama sakandare a Gudu ko Kebbe zai zauna ɗaki ɗaya da ɗan cikin birni, alhali wataƙila ranar ce ta farko da zai taɓa linzamin kwamfuta. Lambar NIN, rajistar tallafin noma, neman gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk ta intanet ne. A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci, kowa ya ga yadda ciniki ya tsaya a kasuwannin da na'urar POS ba ta samun sabis. Manomin albasa a Gada ko Goronyo da ya ji farashin Legas kafin dillali ya iso, ba za a yi masa sayen wulaƙanci ba. Akwai kuma matan aure da ke sana'a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da ɗinki da turaren wuta, waɗanda ba za su fita bayan gari neman sabis ba. In bai shigo har tsakar gida ba, su dai babu su a ciki.

Yanzu ga maganar tsayi, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A duk kayan aikinmu babu abin da ya kai turken ƙarfe tsada. Ƙarfe mai tsayin mita 25 ko 30, da siminti, da masu walda, da wayoyin ɗaure shi, shi ke cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa tun kafin mutum ɗaya ya sayi kati. Bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin ƙarfe da na'urori, waɗanda duk da dala ake shigo da su, sun wuce inda muke iya kaiwa. Amma Ranka shi daɗe, ka dubi garuruwanmu. A hedikwatocin ƙananan hukumomi 23 da manyan garuruwa da dama akwai tankunan ruwa na sama da gwamnati ta gina, akwai benayen makarantu, akwai rufin sakatariya da na asibiti. Suna nan tsaye. Farantin da nauyinsa bai wuce kilo biyu ko uku ba, ba zai rage wa tanki komai ba. Inda tsayin bai kai ba, ɗan guntun ƙarfe a kansa ya wadatar, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ginawa daga ƙasa.

Na nemi irin wannan izini a wurare daban-daban. Ban taɓa samun wanda ya ce mini a'a kai tsaye ba, amma ban samu wanda ya yarda cewa shi ke da ikon cewa e ba. Wannan ya ce na ma'aikatar jiha ne, can a ce na ƙaramar hukuma ne, a ƙaramar hukuma a ce a jira shugaba ya dawo. Mutanen kirki ne, tsoro suke ji kada su sa hannu a abin da babu doka a kansa gobe a tuhume su. Kai kaɗai ne za ka iya cire musu wannan tsoro. Ina roƙon ka fitar da umarni cewa duk mai lasisin NCC zai iya neman hawa ginin gwamnati da fom guda, a ofis guda, da kuɗin haya ƙayyadadde da aka buga kowa ya sani, kuma a ba shi amsa cikin wata ɗaya. A madadin haka a ɗora mana sharaɗi: idan na hau tankin da ke kusa da asibitin sha-ka-tafi ko makarantar firamare, in ba su intanet kyauta muddin na'urata tana wurin. Ni na yarda da wannan, kuma na san abokan sana'ata za su yarda.

Sai maganar haraji. Ba ma ƙin biya. Abin da ke karya mu shi ne rashin sanin nawa ne, kuma wa za a ba. Ka kafa ɗan turke a ƙauye, wani ya zo da rasit na filin kasuwanci, wani na allon talla, wani na muhalli, kowanne yana auna ka da ma'aunin kamfanin da ke da miliyoyin masu layi. Akwai wanda ya taɓa kulle mini akwatin batir da kwaɗo a ranar kasuwa, masu POS suka yini ba ciniki. A raba mu da manyan kamfanoni a jadawalin haraji, a haɗa kuɗin wuri ɗaya, a biya sau ɗaya a shekara.

Dangane da faiba, manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 a Legas suka sauka, mu kuma muna can ƙarshen ƙasa, shi ya sa sarin intanet ya fi tsada a nan. Gwamnoni sun amince da naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa domin binne wayar, kuma a 2020 Kaduna ta yafe shi baki ɗaya. Ina fatan Sakkwato za ta bayyana nata matsayin a rubuce, ya kuma hau kan ƙananan hukumomi. Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a Illela a 2024. A tabbatar an bar mana wuraren jona waya a garuruwan da za su ratsa, kada su wuce ta gefen gonakinmu muna kallo. Haka duk titin da gwamnatinka za ta gina, a binne bututun waya tun ana aikin.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar duk mai riƙe da amanar tsaro idan aka ce a kai sabis ƙauye. Ba zan kauce wa maganar ba, domin mutanen gabashin Sakkwato sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. A Satumbar 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan bayan an yi hakan a Zamfara, da niyyar toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanyar magana. Niyyar mai kyau ce. Sai dai duk wanda ya zauna a yankin Illela, Gada, Sabon Birni, Tangaza ko Gudu ya san sabis ɗin Nijar yana tsallako iyaka, wanda ke daji da babur ya san inda zai je ya same shi. Wanda ya rasa hanyar kiran agaji shi ne mai gida da iyalinsa cikin dare. Irin sabis ɗinmu kuwa a cikin gari yake tsayawa, ba ya bin mutum cikin daji, kuma kowane mai shiga da rajistarsa. A sa mu cikin tsari, mu san jami'in tsaron da za mu tuntuɓa, shi ma ya san mu. Ina kuma roƙon a sanar da dakarun tsaron al'umma da gwamnatinka ta kafa cewa waɗannan kaya abin karewa ne. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, amma ɓarawon batir da mai yanke wayar tagulla ta kariyar tsawa ba su ji labari ba. Kalma ɗaya daga uban ƙasa ko hakimi, cewa wannan na'ura ta gari ce, ta fi mana kwaɗo goma.

Wahalar da ke tsakaninmu da yanayi tamu ce, ba za mu ɗora wa kowa ba. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana rage wa batir kwana, ƙurar hunturu tana rufe sola sai an bi ana sharewa, iskar farkon damina tana karkatar da faranti, tsawa kuma kan ƙone kayan wata shida a dare ɗaya. Mun saba. Abin da ba mu da shi shi ne isassun hannaye. Da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za ta buɗe gajeren kwas na wata uku kan haɗa sola, saita faranti da hawa turke da ɗamarar kariya, da kowane gari ya samu yaronsa mai gyara, ba sai an jira wani ya taso daga birni ba. Hawa ƙarfe ba tare da ɗamara ba ganganci ne da rai, kuma yaranmu suna yi saboda babu wanda ya koya musu.

Mu ma akwai gyara a wajenmu. Wasu suna aiki babu lasisi, wasu kuma tun da Starlink, mai intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a 2023 suna sayen na gida su rarraba wa gari, alhali ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da hakan ba sai da izini. Ba na goyon bayan haka. Amma mutum ya fi saurin fitowa fili idan ya ga takardar za ta amfane shi. Ranar da lasisi ya zama shi ne mabuɗin hawa tankin gwamnati, za ka ga layi a ofishin NCC. Iyaye da malamai kuma suna da damuwa ta gaskiya a kan abin da yara za su gani. Wannan muna iya tacewa daga na'urarmu, musamman a layin makarantu, kuma ya dace a sa shi cikin sharuɗɗan.

Akwai asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba su kai ba. Ƙaramin ɗan kasuwa daga Wurno ko Silame ba shi da ƙafar da zai bi takarda a Abuja. Idan gwamnatin jiha ta tattara sunayen ƙauyukan da babu sabis, ta haɗa mu wuri ɗaya, ta shige mana gaba, za a saurare ta.

Ranka shi daɗe, ba sai an fara da jiha gaba ɗaya ba. A zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyya ta sanata, a buɗe mana gine-ginen gwamnati na shekara guda, sannan a aika a tambayi shugabannin makarantu da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa abin da suka gani. Kafin nan, ina roƙon ka umarci kwamishinan da ke kula da fasahar zamani ya kira mu zama, tare da wakilan ma'aikatar ruwa da ta ƙananan hukumomi da hukumar tara haraji. Za mu zo da taswirar wuraren da muka riga muka kai, da jerin tankuna da benayen da muke hange.

Allah ya ba jiharmu zaman lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mai sana'ar intanet a karkarar Sakkwato