Guba ba ta kore mana ɓera ba, siminti ne ya yi aikin

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Daga Wad Madani nake rubuto maka, nan jihar Jazira a Sudan, dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ɓera, kar ka ce abin dariya ne, wanda ya kwana yana jin ana gurgurar buhun dawarsa ba zai yi dariya ba.

Mun gudu garin Gadarif da ke gabashin Sudan a Disambar 2023 lokacin da yaƙi ya shigo garinmu, ba mu dawo ba sai a 2025 bayan ƙura ta ɗan lafa. Abin da mutane suka kwashe sun kwashe, wannan kuma sai Allah ya isa, amma ragowar ɓeraye ne suka gada, katifa sun mai da ita ɗakin haihuwa, igiyar angarib, wato gadonmu na saƙar igiya, sun datse, wayar firij sun cinye, har sabulu ba su bari ba. Da rana tsaka za ka ga ƙato ya ratsa tsakar gida yana tafiyar ƙasaita kamar shi ya biya kuɗin ginin.

Abin da kowa ke fara yi shi na yi, na tafi kasuwa na sayo wani baƙin gari a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, yana warin tafarnuwa, daga baya wani tsohon malamin gona ya ce min zinc phosphide ne kuma ba shi da makari, in ya shiga ciki iskar guba yake zama. Na kwaɓa da kisira, wato gurasar dawa ta nan Sudan, na ajiye a lunguna. Ɓera biyar suka mutu. Kaji huɗu na maƙwabciyarmu Iya suka bi su, ɗaya ɓeran kuma ya je ya mutu cikin bango muka yi sati muna toshe hanci, sannan ranar da na tarar da autata ƴar shekara biyu ta tsugunna gaban murfin da na zuba abin, wallahi ƙafata sai da ta kasa ɗaukata. Allah ya tsare ba ta taɓa ba. Uwar ɗakin ta ce Baban Hauwa, ko gubar nan ta bar gidan nan ko ni in bar shi. Kuma bayan wata ɗaya ɓerayen sun dawo kamar ba a yi ba, to ina amfanin? Macen ɓera goyon ciki na sati 3 take yi, ta zubo shida, takwas, har goma, su kuma wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa, kai kana kashewa da cokali su suna cikawa da ƙwarya.

Malamin gonar nan shi ya ce min in ɓera da sata daddawa ma da wari, ka daina zagin ɓera ka duba gidanka. Ya ce in barbaɗa fulawa a gindin bango da bakin ƙofa da daddare. Da asuba na fito da tocila, ga sawu nan ƙanana reras har da jan wutsiya, sun taso daga bayan zir, wato randar ruwanmu, sun bi ta ƙarƙashin ƙofar kicin sun nufi buhuna. Da muka ɗaga randar ga rami, ƙasar wajen da sanyi da laima, ashe nan ne fadarsu. Ramuka bakwai muka samu ranar, har da inda bututun ruwa ya shiga bango. Ƙaramin ɓera in fensir ya shige kafa shi ma zai shige, kuma tsumma ko leda ko laka ba sa tare shi don haƙoransa girma suke kullum, dole ya yi ta gurgura. Fasassun kwalabe muka cusa muka bi da siminti, ƙasan ƙofa muka buga mata falle na kwano, taga kuma ragar waya.

Dawa da gero muka juye cikin ganga mai murfi, buhun da ya rage muka ɗora kan bulo nesa da bango. Ba a kwana da kwanuka, ba a kwana da shara. Wannan ya fi komai wuya saboda yara.

Tarko kuma akwai dabara, ɓera yana tsoron baƙon abu, in ka ɗana daren farko zagaye shi zai yi. Mu sa musu tunkuza muka yi, nan dakwa suke ce mata, kwana uku ba mu ɗana ba suna ci a ɓagas, ran na huɗu muka ɗana duka a jikin bango inda suke bi. Tara a dare ɗaya. Magen da muka aro kam kyanwar Lami ce, ci da barci.

Kashinsu ma ba a sharewa a bushe, a yayyafa ruwan kilorin tukun a kwashe da leda a hannu. Ku can Najeriya wannan ya fi shafarku saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, ga shi ana shanya a bakin titi a buɗe.

Roƙona Malam Edita, ka samo likita ya yi wa mutane bayani kan ƙwayar nan da ake sa wa hatsi don ƙwari, wasu suna jefa ta ramin ɓera cikin ɗakin kwana su rufe ƙofa, alhali da ta sha laima iskar da take fitarwa tana iya kashe mutanen ɗakin duka. Mu dai yanzu saura kangon da ke bayanmu, masu shi ba su dawo ba, ran Juma'a ni da samarin layi za mu shiga da adda da shebur.

Naka,
Baban Hauwa, Wad Madani