Rahoton ayyukan ƙungiya na bana: karatunmu kan ɗabi'un Musulunci da addinin Buddha, da abin da ya biyo baya a unguwanni

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu membobi, da 'yan uwanmu Kiristoci da muke tafiyar nan tare, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Ciyaman ya ce in rubuta rahoton tun kafin babban mitin saboda wanda ba zai samu zuwa ba ya san inda aka kwana.

Babban aikinmu na bana dai shi ne karatun wata-wata da muka yi a kan ɗabi'un da Musulunci da addinin Buddha suka haɗu a kansu. Ɗan uwanmu da ya yi digiri a Malesiya ne ya kawo shawarar, ya ce a can Musulmi ne suka fi yawa amma kusan kashi ɗaya cikin biyar mabiya Buddha ne, kuma kasuwa ɗaya suke ci, asibiti ɗaya suke zuwa. Da farko mutane da yawa sun ce me ya kai mu, mu da ba mu taɓa ganin mabiyin Buddha a kasuwar Wunti ko Muda Lawal nan Bauchi ba. Dalilin kwamiti shi ne duk ranar da muka zauna maganar Musulmi da Kirista kowa da ciwonsa yake zuwa, wani ya rasa ɗan uwa a rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 wani shagonsa aka ƙona a wani rikicin, kafin a yi nisa murya ta hau sama an tashi baram-baram, amma in addinin na nesa ne wanda ba ka da tabo da shi sai ka ga mutum ya natsu yana saurare. Malaminmu kuma ya kafa sharaɗi tun ranar farko, ba haɗa addini muka zo yi ba, tauhidi daban, su ba su gina addininsu kan Mahalicci ba kuma sun yarda ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu, mu ba mu yarda da wannan ba, lakum dinukum waliya din. Hali da mu'amala kawai za a duba.

Zaman da ya fi tsaya min a rai shi ne na dokoki biyar. Siddhartha Gautama wanda ake kira Buddha an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, sama da shekara 2,400 da suka wuce, kuma duk mabiyinsa ko da ba mai ibada sosai ba ne akwai abu biyar da yake alƙawarin kiyayewa, ba kisa, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba kayan maye. Mai lakca ya rubuta su a gefen dama na allo, sai Malam ya miƙe ya karɓi allin ya rubuta a hagu abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, addini, rai, hankali, nasaba, dukiya, ya riƙa jan layi daga nan zuwa can, rai da kisa, dukiya da sata, nasaba da zina, hankali da maye. Wata yayarmu mai ɗinki da ke zaune a baya ta ce to Malam ƙaryar fa ina layinta, ya ce ai ita ce take cinye sauran duka. Daga nan muka shiga maganar harshe muka daɗe sosai, don su a wajensu kame baki ya haɗa da barin ƙarya da annamimanci da zagi da surutun banza, mu kuma ga hadisin wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, ga aya ta 6 a Hujurat cewa in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. A wannan zaman muka yanke dokar da muke kai yanzu, duk memba da ya samu bidiyo ko saƙon murya na rikici a WhatsApp ba zai tura gaba ba sai ya kira wani da ke wurin ya tabbatar. Ni a ganina wannan dokar ta fi komai da muka yi bana amfani.

Zaman da muka yi kan ƙasar Miyanma, inda mabiya Buddha suka fi yawa, ya yi zafi gaskiya. Wani babanmu ya tashi ransa a ɓace ya ce yaya za ku zauna kuna yabon mutanen da suka kori Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 daga jihar Rakhine zuwa Bangaladash a 2017, har da malaman addininsu masu hura wutar ƙiyayya. Maganarsa gaskiya ce ba wanda ya musa, kuma ba mu yi ƙoƙarin wanke kowa ba, an ma ƙara masa da harin da aka kai wa Musulmi a Sirilanka a 2014 da 2018. Amma an tuna masa cewa a garin Lashio na Miyanma a 2013 gidan ibadar Buddha ne ya buɗe ƙofa ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi lokacin da ake farautarsu, kuma Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, da bakinsa ya ce da Buddha yana nan da ya taimaki Rohingya. Sai wani matashi ya ce Baba mu fa a garin nan aka fara harbin Boko Haram a Yulin 2009, a Dutsen Tanshi, za mu yarda wani a Tailan ya ce wannan ne Musulunci? Ko gumakan Buddha na Bamiyan a Afghanistan da Taliban suka fasa a 2001. Malam ya rufe da aya ta 8 a Ma'ida, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Baba bai ce komai ba ranar amma wata mai zuwa shi ya riga kowa zuwa.

Ɓangaren gina ƙasa mun ɗauko Sarki Ashoka na Indiya, mabiyin Buddha, wanda bayan yaƙin Kalinga, wajen shekara 261 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka sassaƙa a dutse cewa mutum 100,000 aka kashe kuma ya yi nadama, a wani dutsen kuma ya rubuta cewa mai ɗaukaka addininsa ta hanyar kushe na wasu nasa yake cutarwa. Muka ajiye shi kusa da aya ta 108 a An'am da ta hana zagin abin bautar wasu, da kuma yarjejeniyar Madina bayan hijira a 622 inda Manzon Allah SAW ya tsara zama da Yahudawa kowa da addininsa amma tsaron gari na kowa ne. An ambaci Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi amma tana kula da Borobudur, tsohon babban wurin ibadar Buddha, kuma ranar bikin Buddha hutu ne na ƙasa. Mun rufe wannan ɓangaren da ziyara kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa tare da ɗalibai.

Aikin fita unguwa kuwa maganar maye muka riƙe. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma duk wanda ke zaune a lungu ya san tiramadol da sholisho ba su tafi ko'ina ba, kuma su ne man da ke tuƙa 'yan sara-suka. Mun zauna da masu unguwanni da limamai da fastoci, mun zauna da yaran su kansu a majalisarsu da daddare ba kyamara ba hoto, wasu daga cikinsu yanzu suna koyon walda da gyaran waya wajen membobinmu, wasu kuma sun koma ruwa, ba za mu ɓoye ba. Mata sun kai ziyara asibiti lokacin azumi da lokacin Kirsimeti, matasa sun yi yashe kwata kafin damina.

Matsalarmu har yanzu kuɗi ne da wurin zama. Kuɗin wata ba ya shigowa yadda ya kamata, man janareto da hayar kujeru mutane ƙalilan ne ke ɗauka daga aljihunsu, ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a mitin da rasit ɗinsa. Iyayenmu mata sun yi ƙorafin cewa zama bayan la'asar yana cin lokacin girki, kwamiti ya kawo shawarar a maida shi safiyar Asabar, za a kaɗa ƙuri'a.

Baɗi in Allah ya kai mu muna so 'yan uwanmu Kiristoci su jagoranci zama kan waɗannan ɗabi'u biyar ɗin daga nasu littafin, sannan mu kai karatun makarantun sakandare a Yelwa da Dass in an ba mu izini. Dan Allah duk mai sana'ar da zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya ba ma'aji sunansa ranar mitin, akwai yara a ƙasa suna jira.

Naku, sakataren ƙungiya.