A gyara hannu kafin a zargi ido a wasan pul

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu na jaridarku mai albarka domin in yi tsokaci a kan wasan pul, wanda mutane da dama ke kira sunuka, musamman abin da ke sa ɗan wasa ya zura ƙwallo mai wuya yanzu, an jima kaɗan kuma ya ɓarar da mai sauƙi.

Yawancin masu koyo idan suka kuskure rami sukan ɗora laifin a kan saiti, alhali sau da yawa ido ya gani daidai, hannu ne ya karkace. Filin teburin gasa tsawonsa santimita 254 ne, faɗinsa 127, kaurin ƙwallo kimanin milimita 57, bakin ramin kusurwa kuwa kimanin faɗin ƙwallo biyu ne a jere. A wannan tazara, karkatar da ba ta fi kaurin farce ba a bakin sanda ta isa ta kai ƙwallo jikin bango, wato gefen tebur, maimakon rami.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona asirin hannu. A ajiye farar ƙwallo, wato wadda ake bugawa da sanda, ita kaɗai, a buga ta a tsakiyarta sosai zuwa bangon da ke can ƙarshen tebur, sannan a bar sanda a inda ta tsaya. Idan bugun ya miƙe, ƙwallon za ta dawo ta taɓa bakin sandar. Idan ta bauɗe dama ko hagu, to an taɓa ta a gefe ba da niyya ba. Maganinsa kuwa yana cikin tsayuwa: ƙafafu su kafu, hannun da ke kan tebur kada ya motsa, kafaɗa ta tsaya cik, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ne kawai zai yi lilo. A riƙe sanda sakwa-sakwa, domin damƙa da ƙarfi ita ke murɗe ta a daidai lokacin bugu. A ɗan dakata bayan an ja ta baya, a bar ta ta zarce gaba bayan ta taɓa ƙwallo, kuma kada a ɗaga kai sai ƙwallon ta isa inda aka aike ta.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar da matasa ke yi zuwa bugun gefe, wato bugun farar ƙwallo a gefenta maimakon tsakiya. Sukan kalli bidiyon Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda ya lashe gasar duniya ta nau'in pul da ake kira ƙwallo tara a 1999, su ga yadda yake murza farar ƙwallo ta zagaya bango, sai su ce su ma haka za su yi. Ba su san cewa idan aka bugi farar a gefen dama takan ɗan zame hagu daga layin sanda ba, kuma juyin da ta ɗauka yakan ture ƙwallon da ta taɓa daga hanyarta. Gwani ya san yadda zai cike wannan gurbi da saitinsa, mai koyo kuwa kuskure biyu ya ƙara wa kansa a bugu ɗaya. A ganina, duk wanda bai iya tsayar da farar ƙwallo cak a miƙaƙƙen bugu ba, bai kamata ya bar tsakiya ba tukuna.

Shi saitin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. A ƙiyasta wurin da farar za ta kasance a lokacin da ta manne da ƙwallon da ake son zurawa a kan layin rami, a nufi tsakiyar wannan wuri, domin wanda ya nufi ainihin inda za su haɗu yakan bugi ƙwallon kusa da tsakiyarta fiye da kima. A kuma rage ƙarfi, saboda bugu mai tsanani yana sa bakin rami ya tofo ƙwallon da za ta faɗa da a hankali ta zo, sannan a goga alli a bakin sanda kafin kowane bugu.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai sha'awar wasan pul