Wai da gaske sunan Ladi ya tsufa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya taimaka ya ƙara basira. Ni tsohuwar malamar firamare ce a nan Zariya, na yi ritaya da jimawa, kuma ban taɓa rubuto wasiƙa jarida ba sai yau. Wata magana ce ta tsaya min a rai wata shida kenan, na juya ta na juya ta ta ƙi tafiya, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku ko masu karatu za su taya ni dubawa.

Matar ɗana ce ta haihu ranar wata Lahadi da asuba, aka samu mace. Ranar suna uban ya mayar da sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, Hauwa'u, alƙalami ne ya rubuta amma bakina ba zai iya faɗa ba, ka san halin alkunya. To dole kenan a nemo wa yarinya laƙabin da za a riƙa kiranta da shi. Muna zaune a ɗakin mai jego ana ta shan kunun kanwa na ce ai abin ma ya zo da sauƙi, haihuwar Lahadi ce, a ce mata Ladi. Wallahi Malam Edita ɗakin nan sai ya yi tsit, can sai 'yan matan suka fashe da dariya, ɗaya daga cikin ƙawayen mai jegon ta ce haba Hajiya, Ladi kuma a wannan zamanin, sai ka ce 'yar aiki. Ashe ma sun riga sun gama magana a guruf ɗinsu na WhatsApp, Amal za a ce mata, har an buga a jikin kek da sitika da 'yan jakunkunan rabo.

Ni ba ni da rigima da Amal, suna ne mai kyau, fata ko buri yake nufi da Larabci, kuma 'yarsu ce su ke da iko. Kalmar nan ta 'yar aiki ita ce ta soke ni. Don da ta ce min sunan ya tsufa ne kawai da na ce to, komai da lokacinsa, har zani da ɗan kunne ana yayinsu a bari. Amma ba tsufa take nufi ba, talauci take nufi da ƙauye. Kuma ban ga laifin yarinyar sosai ba, abin da ta tashi ta gani kenan, a finafinanmu in an tashi nuna mai wanke-wanke ko baƙauyiya mai tallan goro sai a sa mata Ladi ko Talatu ko Tabawa ko Delu, ita kuma 'yar gidan Alhaji mai mota da gilashi a sa mata Nihal ko Afnan. Shekara da shekaru ana haka, ta ina yaro zai so sunan?

Lokacin da na fara koyarwa, in na buɗe rajista ina kiran suna da safe kamar kwanakin mako nake karantawa. Ladi, Atine, Talatu, Larai ko Balaraba, Lami, Jummai, Asabe, wani ajin ma sai an haɗa da sunan uba don Jummai ta kai uku. Mazan kuma Danladi, Bala, Danlami, Danjuma, Dan'asabe. Kafin in bar aiki sai in ƙare aji guda ban ci karo da ko ɗaya ba. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, su waɗannan sunayen ba sunan yanka ba ne, kowace Ladi tana da sunanta da liman ya raɗa mata ranar bakwai, A'isha ce ko Fatima ko Hajara. Laƙabin shi ne namu na gida, shi ne yake ba da labarin yarinya. Ka ji Azumi ka san a watan Ramadan ta zo, Tasallah ranar salla, Marka tsakiyar damina ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, Kande ko Delu mace ce ta zo bayan maza, Gambo ta biyo tagwaye, Auta ita ce ta rufe ƙofa. Barmani kuwa duk wadda ta san zafin wabi ta san abin da ake nufi, uwa ce da ta binne 'ya'ya take roƙon Allah ya bar mata wannan. Ina sunan yayi da zai ɗauki wannan nauyin?

Wata cikin 'yan matan ta ce ai gara sunan Larabci, ya fi kusa da addini. Na ce mata 'yar nan, Lahadi ɗin ma daga ina ta fito, ai Larabci ce, al-ahad, haka Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a da Asabar, duk daga can muka aro muka gyara su suka zauna a bakinmu. Kuma abin da na sani a addini shi ne suna ya zama mai kyakkyawar ma'ana, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wata mai suna Asiya da harafin ainun, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, ya canza Barra ya koma Zainab. Ma'ana aka duba. To mene ne aibin ranar Lahadi? Ni kuwa na sha tambayar iyaye ma'anar sunan da suka sa wa 'yarsu su ce wallahi a Instagram suka gani ko a fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, ya dai yi musu daɗi a kunne. Hausawa dai sun ce suna linzami ne.

Sannan a daina cewa babu wata babba mai irin sunan. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ta leda ya riƙe Ladi a hannunsa. Juya bayanta, matar nan da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali da ke yankin Abuja a yanzu, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja, ta je Ingila da Amurka tana nuna sana'arta, Jami'ar Ahmadu Bello ta nan garinmu ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ba ta yi boko ba, laka ce da hannu, amma ga hotonta a kuɗin ƙasa a bayan Janar Murtala. Ka ga ma sunan har maƙwabtanmu sun ɗauka suna sa wa 'ya'yansu don ya yi musu kyau, mu masu shi muna gudu.

Ga Hajiya Gambo Sawaba, ita kam tamu ce ta Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu, amma wa ya san ta da shi? Gambon nan na bayan tagwaye shi ta ɗauka ta shiga jam'iyyar siyasa ta NEPU da shi, aka kulle ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba saboda tana cewa mata su yi ilimi su jefa ƙuri'a, ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti a Zariya da sunanta. Ga marigayiya A'isha Jummai Alhassan ta Taraba da ta yi sanata ta yi ministar harkokin mata, ba ta ɓoye Jummai ɗinta ba. Mutanen Gana ma ai suna da irin al'adar nan ta sunan rana, Kofi haihuwar Juma'a ne, Kwame haihuwar Asabar, kuma Kofi Annan da Danjumansa ya je ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya shekara goma, ban ji an ce ya sauya don kar Turawa su raina shi ba.

Wani abin da ke ba ni tausayi shi ne har sunayen yankan ma yadda bakinmu ya saba da su an fara jin kunyarsa. Dije ta koma Khadeejah, Indo da Shatu an bar wa tsofaffi, Mairo, Binta, Kulu, Rakiya, Hansatu, Abu ta Zainabu, duk wai na ƙauye ne. Akwai wata tsohuwar ɗalibata da na haɗu da ita a banki, na kira ta da sunan da na san ta da shi tun tana aji ɗaya, ta gaishe ni har ƙasa amma a hankali ta ce Malama dan Allah a nan ba haka ake kirana ba. Ban ji haushinta ba wallahi, tausayinta na ji, don na san ba ita ta ƙi sunan ba, dariyar mutane take tsoro.

In tambayar ita ce wane suna ne ba ya tsufa, ai amsar a fili take, A'isha da Fatima da Khadija da Maryam sun haura shekara dubu da ɗari huɗu ana sa su kuma gobe ma za a sa, Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864 amma har yau babu unguwar da babu Asma'u. Na yayin su ne ke saurin nuna shekarun mutum, akwai sunayen da aka yi ta rububinsu lokacin da nake aurar da ƙannena, yanzu ana jinsu an san tsarar da aka haifi mai shi. Su kuwa Ladi da Jummai muddin akwai Lahadi da Juma'a a mako ban ga ta inda za su ƙare ba, mu ne dai muka ajiye su.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe fili a shafin nan, duk mai irin wannan suna likita ce ko lauya ko malama ko mai sayar da ƙosai ta rubuto ta gaya mana yadda take ji da shi, da ko za ta iya sa wa 'yarta. Masu shirya fim kuma dan Allah ko sau ɗaya a sa wa likitar cikin fim Talatu.

Jikar tawa dai iyayenta Amal suke ce mata, ban hana ba ban kuma sake tayar da maganar ba. Ni kaɗai ce a gidan nake ce mata Ladi, kuma satin da ya wuce ina shiga na kira ta daga bakin ƙofa sai ta waiwayo tana bangala min dariya, uwar tana kallo ba ta ce komai ba.

Wassalam, taku mai karatu kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.